Amalanken Saja Gwadabe

Gwadabe mutumin Ringim ne, amma a Sharada ta Kano aka san shi, kuma ba mai kiran sunansa bai sa Saja a gaba ba. Ya shiga soja yana ɗan shekara ashirin da biyu, lokacin yaƙin basasa. Aikinsa a can ɗaukar waɗanda aka harba ne zuwa wurin likita. Ya dawo da kunnen hagu a toshe, da tabo a cinya, da wani hali: ba ya iya ganin mutum a kwance ya wuce.

Da aka sallame su ya sami gadi a wata masaƙa. Ya auri Safara'u, 'yar wani mai sayar da itace, suka kama ɗaki a bayan masana'antu, inda ruwan rini ke bin kwata. Allah bai ba su haihuwa ba. Ya sayi amalanke ya shimfiɗa masa tsohuwar katifa. Wanda inji ya datse wa yatsu, da mai naƙudar da ta gagara, duk Saja ake kira, ya tura su har asibiti. Ko sisi ba ya karɓa. Idan aka matsa masa sai ya juya kunnen da ba ya ji.

Bayan shekara goma sha biyu masaƙar ta rage ma'aikata, har da shi. A daminar shekarar famfo ya ɗauke, mutane suka koma shan rijiya, sai amai da gudawa ya ɓarke a unguwar.

Wata Alhamis, kafin hantsi Gwadabe ya riga ya yi sahu biyu zuwa asibiti. Ya leƙo gida shan ruwa, ya tarar da Safara'u a zaune ta dafe ciki.

"Malam, yau cikina juyawa yake yi."

"Ki haɗa ruwan gishiri da sukari ki sha. Yanzu zan dawo."

A ƙofar gida maƙwabcinsa Labaran yake tsaye, mutumin Maraɗi mai aikin jima a Challawa, 'ya'yansa mata biyu sun galabaita. "Saja, ku taimaka mini," ya ce. Gwadabe ya waiga ɗakin matarsa sau ɗaya, sannan ya kama amalanke.

A hanyar dawowa ƙafar amalanken ta faɗa rami ta karye. Ya bar shi a wurin wani mai walda ya taho da ƙafa. Sai bayan la'asar ya iso. Safara'u na kwance a bakin ƙofa, idanu sun faɗa, leɓe ya bushe, kofin ruwan a kife gefenta.

Ya fita titi da gudu. Tasi uku ya tare, duk wanda ya ji sunan cutar sai ya ja motarsa. Ya je ƙofar masaƙar da ya yi wa gadi ya roƙi aron mota, sabon mai gadi ya ce manaja ba ya nan, shi kuma ba shi da iko. Gwadabe ya riƙe ƙarfen ƙofar nan har tafinsa ya yi shati. Babu wanda ya fito.

Ya koma gida ya goya ta, ya ɗaure da zaninta.

"Sauke ni, Malam, mutane na kallo."

"Bar su su kalla."

Ya kama hanyar gari, cinyar nan tana yi masa zugi. Wajen rabin tafiya kanta ya kwanta a kafaɗarsa ta hagu. Yana jin ɗumin numfashinta, ya san magana take yi, amma ko kalma ɗaya ba ta shiga. Ya ƙi tsayawa don kada ya ɓata lokaci. Da ya ga maganar ta yi tsawo sai ya durƙusa ya mai da kanta dama.

"Me kika ce? Maimaita, ina ji."

Ba ta ƙara cewa komai ba.

A asibiti wata nas ta taɓa wuyanta, ta dube shi, ta ce sai haƙuri. Ya ce su dai sa mata ruwa su gani, shi ya ga waɗanda suka fi haka sun tashi. Sau uku yana faɗa, har Labaran da ke jinyar 'ya'yansa a can ya zo ya riƙe shi.

Babbar 'yar Labaran ta warke, ƙaramar ta rasu kwana biyu bayan Safara'u. Gwadabe ne ya haƙa kabarin yarinyar. Ya karɓo amalankensa ya ci gaba da aiki, amma ya daina hira. Matan unguwar da suka leƙa Safara'u a ranar da ta rasu ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambaya ko ta bar masa wani saƙo. Babu wadda ta ji komai.

Bayan shekara huɗu ƙafar nan mai tabo ta kumbura har ba ya iya takawa, ƙanwarsa Sauda ta zo ta tafi da shi Ringim. Labarin rasuwarsa ya iso Sharada ne sati biyu bayan an binne shi. Leburori daga Sharada da Challawa da Bompai suka cika babbar mota suka tafi ta'aziyya. Sauda ta leƙo ta ga taron, ta rasa tabarmin da za ta shimfiɗa musu. Ta tambayi Labaran wane irin aiki yayanta ya yi a Kano, don ita dai abin da ta sani shi ne gadi yake yi.