Babban Bawul ɗin Alhaji

Ko na tsufa tukuf, ba na jin zan manta makon da saura ƙiris wani bawul ya raba ni da aikina. Lokacin ni ke kula da tururi a wata matatar man gyaɗa a Sabon Gari. Bawul ɗin, wato makunnin da ke sakin tururi a bututu, shi ke buɗewa da rufewa da kansa, yana daidaita zafin tankin mai. Sai kawai zafi ya haukace, yanzu ya haura mai ya ƙone, an jima ya faɗi. Alhaji mai matatar ya ce sakacina ne, ya ba ni zuwa Juma'a in gyara ko in bar aikin. Ga kuma iyali a gida.

Ran Laraba manaja ya kira wata injiniya daga Samaru. Da na ga ta sauko daga keke napep da 'yar jaka, na ce a raina shi ke nan, tawa ta ƙare. Allah Ya yafe min wannan raini. Ko sifana ba ta taɓa ba. Alli ta nema, ta ja layi a jikin sandar bawul ɗin, ta jawo benci ta zauna tana kallo har aka kira azahar.

"Malam, zo ka gani," in ji ta. "Duk motsinsa bai kai faɗin yatsa ba. Da ya ɗan ɗaga, tururi ya yi yawa, da ya koma, ya yanke. Kamar a ce ka cika kofin shayi da bokiti. Wa ya sayo wannan?"

Na saci kallon Alhaji da ke tsaye a bayana. Shi ne da tsohon bawul ya lalace ya je shagunan PZ da kansa, ya ce a ba shi daidai faɗin bututu, shi ba ya sayen ƙaramin abu.

Ta gane. Cikin ladabi ta ce, "Alhaji, kaya mai kyau ka sayo, sai dai ya fi ƙarfin aikin nan. Wannan bawan Allah kuwa ba shi da laifi ko kaɗan."

Ta lissafa tururin da tankin ke buƙata, washegari aka ɗaura ƙarami. Allurar ma'aunin zafi ta tsaya cak! Alhaji bai ba ni haƙuri ba, ba halinsa ba ne. Amma ran Asabar da ya gan ni a bakin ƙofa cewa ya yi, "Kai, tsayuwar me kake? Je ka kunna mana."

Yau ni ma akwai mutane a ƙarƙashina. In abu ya ɓaci a hannun wani, sai na zauna na ƙare wa na'urar kallo tukuna kafin in buɗe baki a kan mutum.