Kunyar Da Ta Raba Ni Da 'Yar Riƙona

A lokacin ni mace ce mai kazar-kazar, ina sayar da abaya daga ɗakinmu na unguwar International City a Dubai, maigidana kuma yana aikin jigilar kaya a unguwar Al Quoz. Allah ya rufa mana asiri, haihuwa ce kawai bai ba mu ba. Da ƙanwata ta rasu a Kano ta bar jaririya, dangi suka taru bayan sadakar arba'in, mahaifin yarinyar da bakinsa ya ce ya ba ni ita halak malak. Aka raba goro, aka shafa fatiha. Yayata ta ja ni gefe ta ce in sa ya rubuta ya sa hannu, na ce mata ina zan kai kunyar miƙa wa mutum biro hawayensa bai bushe ba. Mai unguwa ya shaida, kotu ta ba ni takardar riƙo, na ɗauka magana ta ƙare.

Na zauna a Kano har ta fara tafiya, sannan na taho da ita da bizar ziyara. Ranar da muka je nema mata katin zama, ma'aikaciyar ta duba takarduna cikin mutunci, ta ce sunan uban da ke fasfon yarinyar ba na mijina ba ne, kuma uban yana raye. Takardata a Najeriya take da ƙarfi. Su sai sun ga amincewarsa a rubuce, da sabon hukuncin kotu mai ɗauke da hatimin ma'aikatar harkokin waje da na ofishin jakadanci. Wallahi ban ga laifinsu ba.

Na kira uban, lokacin ya sake aure. Ashe wani ya ce masa in ya sa hannu yarinya za ta koma amsa sunan wani, kuma haramun ne. Na rantse masa babu mai taɓa sunanta, na tura masa malamai, na tura kawunnai. Amsarsa ɗaya ce: riƙo ya ba ni, bai janye ba, amma hannu ba zai sa ba. Haka muka yi ta fita da ita muna dawowa don sabunta biza, makaranta kuma ta ƙi karɓarta babu katin zama. Kullum da safe sai ta goya 'yar jakarta ta tsaya a taga tana kallon motar 'yan makaranta, tana tambayata yaushe tata za ta zo. Ni kuwa sai in shige banɗaki in yi ta kuka.

Da na ga karatunta zai salwanta, na mayar da ita Kano wurin mahaifiyata. Tsohuwa ba lafiya, uban ya zo ya ɗauki 'yarsa, kuma ba ni da bakin hana shi.

Na gane cewa alkawarin gaban dangi ba ya tsallake iyakar ƙasa. 'Yan'uwana mazauna waje, in an ba ku riƙo, ku ajiye kunya ku gama da kotu tun zukata suna da taushi, ku tambayi abin da ƙasar da kuke zaune za ta karɓa kafin ku ɗauko yaro. Ni da na yi mata wanka, na yaye ta, na yi jinyar kyandarta, yanzu in na kira waya sai in ji tana gaya wa matar babanta wai Antin Dubai ce.