Ranar da Dada Ta Fasa Tagar Baya

Duk lokacin da maƙwabciyata ta kunna turaren wuta, sai hankalina ya koma babban ɗakin gidanmu na Yola, shekarar da mutane suka yi ta kwararowa daga arewa da ƙullin kaya a ka. Waɗanda ba su da dangi aka wuce da su sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi. Mu kuwa Goggo ce ta iso mana, ƙanwar Baba da ke aure a Borno, da jariri ko arba'in bai yi ba.

Tsoro ya kama Baba sosai a lokacin. Kullum ya dawo daga kasuwar Jimeta da sabon labari. Wata safiya ya kwaɓa laka ya toshe tagar bayan ɗakin, wadda ke kallon lungu, wai kada a leƙo ko a jefo wani abu. Rami kawai ya bari a sama, da ƙyar hannuna ke shiga.

Sai bazara ta zo. In ba ka taɓa yin bazara a Yola ba, ban san yadda zan kwatanta maka ba. Tabarma ma sai ka taɓa ta da hannu kafin ka zauna. Mata da yara duk a ɗakin nan muke, ga Goggo na jego ba ta fita. Jaririn ya yi ƙuraje har wuya, ya daina kama nono, yana numfashi sama-sama kamar ɗan tsako. Ni dai ƙirjinsa nake kallo. Goggo ba ta kuka, addu'a kawai take yi, wannan ya fi ba ni tsoro.

Baba ya aro fanka mai caji ya kafa a bakin ƙofa tana hurawa ciki. Fankar na ta ƙoƙarinta, amma na lura hayaƙin turaren Goggo zagaye kawai yake yi a ɗakin, ya bugi bango ya dawo. A ramin nan kuwa iska na fita da tsini. Baba ya kira kakarsa, wadda muke ce wa Dada.

"Dada, sa hannunki nan ki ji ƙarfinta."

Ta sa, ta ji, ta goge hannun a zani.

"Maigida, ƙarfi muke nema ko yawa? Tsuke bakinka ka hura."

Ya tsuke ya hura, mu yara muna ƙunshe dariya.

"To wangame shi ka saki numfashi. Wanne ya fi saurin kwashe abin da ke ƙirjinka?"

Baba ya ce shi dai tsaron rayuka yake yi, ya saka takalmi ya tafi masallaci.

Bai kai ƙofar gida ba Dada ta ɗauko taɓarya. Tsohuwar da sai an riƙe ta take tashi daga kujera! Bugun farko laka ta tsage. Inna, mahaifiyarmu, ta riƙe baki tana cewa a bari ya dawo. Dada ta ce, "Na haifi ubansa ne ko shi ya haife ni? Matsa." A wajen bugu na gaba Goggo ta ajiye jaririn ta kama mata, suka tura tare, toshiyar ta rufta cikin lungu.

Ba wata guguwa da ta shigo. Tsinin iskar ma ya ɓace. Sai dai hayaƙin turaren ya miƙe sambal kamar zare, daga kasko zuwa taga, ya fice. Sanyin da ke tasowa daga kogin Binuwai da la'asar ya ratsa ta kanmu a hankali, ba ya yankewa. Gumin wuyana ya bushe. Kafin magariba muka ji jaririn yana haɗiyar nono ƙwat-ƙwat, Inna ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo ko haihuwa aka yi.

Baba ya dawo ya tsaya ya daɗe yana kallon ɗan ƙanwarsa yana barci. Washegari ya kawo mai walda aka sa wa tagar ƙarafa. Tsaronsa ya samu, iska ma ta samu hanyarta.

Yanzu Dada ta rasu, jaririn nan har ya fi ni tsawo. Ni ma ga tawa 'yar a baya, kuma ba na ɓoyewa, ina yawan sa yatsa a hancinta in ji ko tana numfashi. Gidajen haya na yanzu ɗaki manne da ɗaki ake yi, taga ɗaya, gilashin ma rabi yake buɗewa. Da muke neman wuri na ƙi ɗakuna masu tayil a Jimeta, baban yarinya har ya ce na cika fitina, wai zai sayo babbar fanka. Na ce ya sayo, amma ta ina iskar za ta fita?

Muna Vinikilang yanzu, ɗakin siminti ne zalla, taga gabas taga yamma. Bazarar bana ta zo ta wuce, 'yata ko ƙurji ɗaya ba ta yi ba.