Jirgin Mahaifinmu a Bayan Gilashi

Shekarun baya, idan na ce ina yanka katako gunduwa-gunduwa don in sake haɗa shi ya zama hoto, mutanen unguwarmu ta Badariya kallon wanda ritaya ta taɓa wa ƙwaƙwalwa suke yi mini. Yau kuwa har masu kantin kayan ɗaki suna sallama a ƙofata su ga yadda ake yi. A wancan lokacin babu wanda ya san kan abin, kuma rashin sanin nan ya ci mini aikin wata uku.

Na koyi sana'ar a Jamus, wajen wani tsoho maƙwabcina, lokacin da aka tura ni kwas na injinan ban ruwa. Ana zana hoto a kan falanki guda. Sai a bi layukan da injin zarto na kan tebur, mai haƙori siriri kamar zaren ɗinki. Kowace gunduwa a goge gefenta da samfefa har kaifin ya kwanta, a yi mata fentinta ita kaɗai, sannan a mayar da su duka a manne a kan wani allo. Tsakanin gunduwa da gunduwa ɗan kwari yake saura. Wannan kwarin shi ne aikin.

Yayana yana Argungu. Kamun kifi ya gada wajen mahaifinmu, ni na bi boko. Ciwon ido ya cinye ganinsa a hankali har ya daina shiga gulbi. Wata rana na same shi riƙe da tsohon hoton jirgin mahaifinmu, yana shafa takardar da babban yatsa. A ranar na ƙudura zan yi masa jirgin da hannu zai iya gani.

Wata uku na yi. Na ɗaga jirgin ya fi ruwa tudu, na goge gorar da masunta ke hawa a ruwa ta yi kumburi kamar ta gaske, na yanka ragar homa da layuka ƙanana har haƙoran zarto shida suka karye. Ruwa shuɗi, shinkafar fadama kore, duk da na san launin ba nasa ba ne, na iyalinsa ne. Ina rufe ido in shafa, inda yatsana ya ɓata hanya in sake.

Saura firem. Na kai wa abokina kafinta, wanda tare muka tsufa, na ce, “Malam, yi mashi firem mai kyau, na Yaya na.” Iyakar abin da na faɗa ke nan.

Bayan kwana huɗu na koma. Ya tare ni da fara'a, ya yaye zanin da ya lulluɓe aikin. Ya kwaɓa dusar katako da gam ya cike kowane kwari. Ya sa inji ya goge tudun jirgin da kumburin gorar har suka yi daidai da ruwa. Inda fentina ya tashi ya shafa nasa, ya fesa man ƙyalli, sannan ya rufe komai da gilashi.

“Alhaji, na ruhwa maka asiri,” in ji shi. “Wanga aiki duk baki buɗe kak kawo shi. Da anka gani cewa za a yi ba ka iya haɗi ba.”

“Wa yac ce ka taɓa cikin?”

“Sai an ce? Shekara arba'in ina aikin katako, ba a taɓa hita da kaya daga shagona da tsaga ba. Halan can Turai ba su da samhehwa?”

Na ce masa na ga bangon masallatai a Fas, tayil ɗinsu gunduwa-gunduwa ne, kowane layi a fili, ba wanda ya taɓa bi da siminti ya shafe. Na ce na ga ƙofofin katako a Zanzibar, da kwarin sassaƙar ake tinƙaho. Ko ƙoƙon da matan Fulani suke kawo nono a ciki, wa ya taɓa cike zanensa? Ya saurare ni har na gama, ya ce, “To su can sunka sani.”

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yana da waya a aljihu, gidana kuma bai kai tafiyar minti goma ba. Ya ga abin da bai taɓa gani ba, bai tambaya ba, ya yanke cewa kuskure ne. Sai da na hau mota na tuna ni ma harshe biyar nake ji, na yi ciniki da Larabci, na yi rigima da Faransanci, amma na kasa faɗa wa mutum da Hausa cewa mai abin makaho ne, da hannu zai duba.

Na riga na yi wa Yaya alkawarin zuwa ranar Juma'a da tsaraba, don haka na ɗauka na tafi Argungu. Na ɗora masa a cinya. Ya shafa sama, ya shafa ƙasa, ya ƙwanƙwasa da farce.

“Ɗan boko,” ya ce, “madubi kak kawo ma makaho?”

Matarsa ta yi dariya, shi ma ya yi. Ni ban iya ba. Na cire gilashin, na kama hannunsa na ɗora inda jirgin yake, na ce jirgin Baba ne. Ya daɗe yana lalube a kan santsin, dariyar ta bar fuskarsa. A hankali ya ce, “Ina shi ke?”

Ban yi wa abokina magana ba har aka yanke shinkafa. Gam ya riga ya kama, babu gyara, sai sabon falanki. Wata biyu na sake yi, na haɗa firem ɗin da kaina, ya ɗan karkace.

Da na kai, na ɗora wa Yaya a cinya. Yatsansa ya faɗa kwarin bakin ruwa, ya hau jirgin daga baya, ya bi shi har goshi. Ya tsaya a kan gora ya rufe ta da tafin hannu. Sannan ya koma goshin jirgin ta hagu yana nema.

“Ina hwacin?”

“Wane faci, Yaya?”

“Gwangwanin da Baba yab buga inda kututture yaf fasa shi. Kai ka riƙe mashi ƙusa ranar, kana kuka don an hana ka shiga ruwa.”

Na manta sam. A hoton ma ba ya fitowa. Na koma Birnin Kebbi na yanko gunduwa kamar faɗin farce, na dawo na manna. Allon ya zauna kusa da tabarmarsa har ƙarshen rayuwarsa, fentin goshin jirgin ya koɗe saboda shafa.

Mun shirya da abokina, amma bai taɓa yarda ya yi laifi ba. Hoton farkon, da na mayar masa, yana rataye a shagonsa, masu zuwa suna yabawa, yana ce musu shi ya ƙarasa mini. Har yau idan na gani sai raina ya ɓaci.

Tun daga lokacin ban sake ba kowa aikina ya yi masa firem ba, ban sake sa wa ko ɗaya gilashi ba, kuma duk wanda ya zo kallo sai na ce ya fara sa hannu.