Layin Nijar ɗin Baba

Shekarun baya, lokacin da na fara koyarwa a wata firamare a Gumel, babu abin da ke ɗaga mini jijiyar wuya kamar musun wayar hannu. A lokacin wasu manyan kamfanonin waya guda biyu, ɗaya na Amurka ɗaya na Koriya, sun maka juna a kotu. Wannan ya ce wancan ya sace masa fasaha, har siffar wayar ma kwaikwayo ce. Wancan ya ce ai kowa a jikin wani ya koya. Mutanen nan ba su san da zamanmu ba, ko a taswira ba na jin sun taɓa cin karo da Gumel. Amma a bencin mai shayin unguwarmu, kullum bayan la'asar, mun rabu gida biyu kamar gonar gado ake rabawa.

Ni ne lauyan kamfanin Amurka, ba tare da kowa ya ɗauke ni aiki ba. Abokina, wanda muka tashi tare, shi ne lauyan na Koriya. In na ce wanda ya ƙirƙiro abu shi ke da haƙƙinsa, sai ya ce to wanda ya fara ɗinka wa riga aljihu ya zo ya kama duk telolin Gumel. In na ce inganci, ya ce tsada. Daga nan siyasa ta shigo, a ce alƙalan Amurka ba za su taɓa kayar da ɗan gida ba, a ce China tana gefe tana dariya tana kwaikwayon kowa. Shayi ya huce, a kira magariba, a tashi ba a gama ba. Wayar kuwa da nake wannan kumfar baki a kanta ta hannu ce, da tsaga a gilashinta na saye ta.

Rannan musu ya yi zafi, na ce duk mai riƙe 'yar China bai san darajar kansa ba. Abokina ya ajiye kofinsa ya ce, “To, Malam, ka fara wa'azin daga gida mana. Baba ma 'yar China yake riƙewa, ɗaure da roba.” Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi yaƙe.

Gaskiya ya faɗa. Mahaifina dillalin shanu ne a karar Maigatari, wato kasuwar dabbobi, duk Alhamis yana can tun kafin a haife ni. Wayarsa 'yar ƙarama ce mai tocila, murfin bayanta ya karye ya ɗaure shi da roba, in ta yi ƙara har maƙwabta sai sun ji. Layi biyu take ɗauka, na Najeriya da na Nijar. Na Nijar ɗin a Gumel barci yake yi, ba sabis, sai an isa Maigatari bakin iyaka yake farkawa.

Saboda mutum ɗaya Baba yake riƙe da layin nan. Yana da wani amini Bafulatani can cikin ƙasar Damagaram, Baffa muke ce masa. Shekara da shekaru shanun Baba suna hannunsa yana kiwo, ba takarda ba shaida, amana ce kawai tsakaninsu. Baffa ba shi da waya. Lambar Baba ta Nijar ce a rubuce cikin 'yar takarda da ya ɗinke a fata yana ratayawa. In yana son su gaisa, sai ya yi tafiyar rabin wuni zuwa wata kasuwa mai sabis, ya ari wayar wani, ya kira ranar Alhamis, don ya san ranar ce layin ke tashi. Ke nan Baba ba shi da hanyar kiran Baffa, sai dai Baffa ya kira shi. Ba zan ce ban san da wannan ba. Na sani, amma Baffa sanin shanu kawai na yi masa, kuma a lokacin hankalina yana kotun Amurka.

Na matse bakin aljihu wata da watanni, na aika Kano aka sayo mini irin wayata, ita ma ta hannu. Layi ɗaya take ɗauka, shi ma sai an rage masa girma. Na kai wa mai gyara ya sa almakashi ya yanke layin Baba na Najeriya ya saka. Da na miƙa wa Baba, ya juya ta gaba da baya, ya sa mini albarka sosai. Ita ce kyauta ta farko da na taɓa yi masa da gumina. Sai ya ce, “To ina layin Baffanka zai shiga?” Na ce ai wannan ba irin waɗancan tarkacen ba ce, amma kada ya damu, zan san yadda za a yi.

Na san in na bar masa tsohuwar, gobe zai koma mata. Sai na ce masa batirinta ya kumbura, yana iya fashewa a aljihu. Ƙarya ce tsagwaronta, lafiyarta lau. Na zare layin Nijar ɗin na jefa a aljihun rigata, na ɗauki wayar na kai bencin mai shayi na ajiye gaban abokina, na ce ga ta nan, na yi mata ritaya. Ranar na ji daɗi kamar ni na ci shari'ar. Rigar kuwa aka kwashe ta cikin kayan wanki. Kwana huɗu bayan nan na tuna da layin, na zazzage ɗaki, na tona har inda ake zubar da ruwan wanki, ko alamarsa.

Na lallaɓa Maigatari wajen masu sayar da layi. Suka tambaye ni takardarsa da sunan wanda ya yi rajista, ban da ko ɗaya, layin ya daɗe, shi kansa Baba a hannun wani ya same shi. Suka ce sai dai sabo. Sabo kuwa ba shi da amfani, tunda ba shi ne a wuyan Baffa ba. Na dawo na ɓoye maganar. Baba ya tambaye ni sau ɗaya, na ce ina nan ina dubawa. Ya sake tambaya, na ce an kusa. Bai ƙara ba. Ba mutum ba ne da zai tambayi ɗansa abu sau uku, kuma na lura ba ya son ya nuna kyautar tawa ta zame masa wahala. Ga ta kuma ta zama ɗin. Yatsunsa sun yi kanta da igiyar shanu, ya shafa gilashin ya shafa ta ƙi jin maganarsa, sai ya miƙa wa na kusa ya amsa masa. Ya yi ta ba fataken Nijar saƙon baki su kai wa Baffa, ashe Baffa ya ƙara gaba neman ruwa, ba wanda ya same shi.

Kaka ta wuce, rani ya shiga, har bazara ta kankama, zafin nan da ko inuwa ba ta da daɗin zama. Wata Litinin da yamma ina zaune a ƙofar gida, kaina a sunkuye ina karanta yadda ta kaya a kotu, sai na ji kukan shanu. Gidanmu a bakin gari yake. Na ɗago na ga wani dattijo ya fito ta hanyar gonaki da sanda a kafaɗa, yana kore da shanu biyar, duk haƙarƙarinsu a waje. A bayansa ya goyo wata busasshiyar fata a naɗe. Sai da ya matso na gane Baffa ne.

Ya yi sallama, ya tsuguna a gabana, ni da ban kai ɗan cikinsa ba, ya riƙe hannuna da hannu biyu. “Kai ne babban ko? Ya haƙuri? Allah ya jiƙan aminina, ya sa ya huta. Ku yafe mini, ban zo da wuri ba.”

Daidai nan Baba ya fito daga zaure da buta a hannu. Baffa ya dube shi. Bai yi ihu ba, bai tashi ba. Daga tsugunen sai ya zame ya zauna a ƙasa, ya yi ta kallonsa yana motsa baki, hawaye na bin gemunsa.

Sai da ya sha ruwa ya sha fura sannan ya iya bayani. Ya ce Alhamis bakwai yana takawa zuwa kasuwar nan yana aron tarho, kullum a ce masa layin a kashe yake. Ya tuna Baba ya taɓa ce masa cikin wasa, ranar da ya kira shi Alhamis bai same shi ba, to ya yi masa Fatiha kawai. Ya yi Fatihar. Daga nan kuma barci ya gagare shi, don dukiyar marayu tana cikin garkensa, shi ma ga tsufa, in ya faɗi ba wanda zai iya ware na wane da na wane yadda ya kamata. Shi ya sa bai jira ruwa ya sauka ba, ya ware shanun Baba ya kamo hanya shi kaɗai, kwana goma sha ɗaya, rijiya zuwa rijiya. Shida ya taso da su. Wata jar saniya mai ciki ta durƙushe a hanya ta kasa tashi. Ya yanka ta, ya bar wa mutanen wani ƙauye naman, ya shanya fatar. Ya kwance ta ya shimfiɗa a gabanmu ya ce ya kawo ne don magada su ga alamar da ke jikinta, kada wani ya yi zato.

Baba ya juyo gare ni ya ce, “Ina layin?” Na faɗi komai, har ƙaryar batirin, har bencin mai shayi. Na so ya zage ni, da ya fi mini sauƙi. Sai kawai ya sa hannu a aljihu ya ciro wayar ya miƙo mini. “Ungo, tana da kyau, na gode. Ba ni za ka ba haƙuri ba. Dubi ƙafarsa.”

Na duba. Takalmin taya ne a ƙafar Baffa, ɗaya ya tsinke ya ɗaure da tsumma, dugadugansa sun tsage har jini ya bushe a ciki. Na ɗebo ruwan ɗumi da man kaɗanya na durƙusa ina wankewa. Shi kuwa sai cewa yake ba komai, ai shi ya ci riba, ya zo ta'aziyya ya tarar da amininsa a tsaye. Duk lokacin da ya ce ba komai sai in ji kamar in nutse.

Baffa ya zauna da mu har ruwa ya sauka ciyawa ta tsiro, sannan ya koma da shanun. Na je na karɓo tsohuwar wayar a wajen mai shayi, inda na bar ta ana wasa da ita, na mayar wa Baba da robarta. Aka sayi sabon layin Nijar, ni na rubuta lambar da hannuna, baduku ya ɗinke ta a fata. Fatar jar saniyar kuwa Baba ya sa aka jeme, ya ce a kai ɗakina. Bai yi mini bayani ba, ni ma ban tambaya ba.

Kamfanonin nan daga baya sun sasanta abinsu. A rediyo na ji, ba wanda ya aiko ya gode mini. Abokina har yau yana nan a bencin, yanzu rigimar Amurka da China yake yi, wa ya hana wa sayar da me, wa ke leƙen asirin wa. Wani lokaci ya zungure ni ya ce Malam ba ka ce komai ba. Nakan ce na gaji, kuma wallahi gajiyar ce. Ba cewa nake laifi ne mutum ya so wayarsa ko ya bi labarin duniya ba. Ni dai na yi shekara ina kare haƙƙin wanda ya zana siffar waya a wata ƙasa, ban ga haƙƙin tsohon da ke taka rabin wuni don ya ce wa mahaifina ina kwana ba. Har yau in na taka fatar nan da safe sai na ji kunya.

Damina uku ke nan da Allah ya yi wa Baba rasuwa. Bayan an share makoki na nemi izini a makaranta, na ɗauki 'yar China da robarta na tafi Maigatari ranar Alhamis. Na zauna a rumfar da yake zama a kara, tun hantsi har kasuwa ta watse, ba ta yi ƙara ba. Na koma Alhamis ta biyu, shiru. A ta uku, wajen azahar, ta ɗauki kukan nan nata mai tada maƙwabta. Ban bari ta yi na biyu ba.

Na ce, “Baffa, ni ne. Wannan karon da gaske ne. Ka zauna inda kake, kada ka taso da shanun, mu za mu zo.”

Ina jin hayaniyar kasuwarsu ta cikin wayar. Can ya yi salati, ya yi wa Baba addu'a mai tsawo. Sannan ya ce, “Allah ya yi maka albarka da ka ɗauka, ɗana.”