Gawayin Ƙirya da Jan Ƙyalle

Ni maƙeri ne a Bungudu, kuma maƙeri ba ya aiki da kowane gawayi. Na ƙirya muke nema, shi ke riƙe wuta har ƙarfe ya yi laushi. Saboda haka duk bazara nakan shiga mota in wuce Gusau, in nufi ƙauyukan da ke gaba da 'Yandoto, inda ake ƙona shi.

Ina son hanyar nan. Tun daga nesa za ka hango hayaƙi yana tashi a hankali daga tulin ƙasar da aka binne itace a ciki. Buhuna na jere a bakin titi, an toshe bakinsu da ganye. Can ko farar kaza sai ka gan ta da ɗigo-ɗigon baƙi. A ɗaya daga cikin garuruwan akwai wata inna mai fura da ba ta yarda in wuce ban sha ba.

Wata shekara manoman Rawayya suka ba ni aikin garma da fartanya, na yi musu alkawari kafin ruwan shuka. Hadari kuwa ya fara leƙowa daga gabas. Na je na zaɓi buhu huɗu masu kyau.

Al'adar wurin, kowa yana ɗaura wa buhunsa ƙyalle mai launi, don a san na wane ne. Wanda ya fi kowa kaya a mota shi kaɗai ba ya ɗaurawa, duk buhun da ba alama nasa ne. Namu ja ne tun zamanin mahaifina. Amma lokacin ban daɗe da shiga ajin yaƙi da jahilci ba, hannuna yana ƙaiƙayin rubutu. Na ciro alli na rubuta sunana a jikin kowane buhu, na bar ƙyallen a aljihu.

Dattijon da ke loda a-kori-kurar da za ta kwaso mu ya dube ni.

"Maƙeri, ina jan naka?"

"Baba, ga suna nan, ai ya fi ƙyalle."

"To madalla. Sai ka ja wa buhun kunne kada ya gogi ɗan'uwansa."

Hanya ga ramuka, kaya suna ta gugar juna. Da muka sauka a tashar Gusau, ko ɗigon alli bai rage ba. Mai yawan kaya a ranar wata Hajiya ce da ke tuyar waina a Tudun Wada, har masu baro sun fara kwasa mata.

"Hajiya, a yi haƙuri, akwai huɗuna a ciki."

"Ina alamarka, Malam?"

"Ta goge."

Ta yi dariya har da tafa hannu. "Wagga wace irin alama ce da ba ta kai Gusau ba? To ni ma ba na son ƙiryarka, ƙona min waina take yi. In ka iya warewa, bisimilla."

Na naɗe hannun riga. Kowane buhu sai in kwance bakinsa, in ciro gawayi biyu in gwara su. Nata mara nauyi ne, sautinsa a dushe. Na ƙirya kuwa yana amsawa kamar ƙarfe. Ta samu benci ta zauna tana saurare, har ta fara riga ni cewa, "Wannan nawa ne, wuce." Sai gab da la'asar na huɗun ya amsa.

Na ciro jan ƙyallen na yayyaga, na ɗaura wa kowanne a gabanta.

Ruwan shuka ya sauka bayan mako guda da 'yan kwanaki, ya tarar da garemanin Rawayya a hannun masu su. Har yau da jan ƙyalle nake tafiya. Sunan kuwa a jikin garma nake buga shi tun tana da zafi, can ba ya gogewa.