Shekarar da Ƙanina Ya Buga Ƙwallo a Rasha

Ni ban taɓa damuwa da ƙwallo ba. A gidanmu na Hindawiyya, abin da na sani game da ita shi ne takalman ƙanina da nake fitarwa baranda saboda wari, da faɗan da Umma take yi masa in ya dawo gwiwa a goge. Amma akwai shekara guda da na haddace garuruwan Rasha fiye da unguwannin Makka, na san wa ke saman teburin gasarsu, wa ke ƙasa.

A Makka aka haife mu duka. Kakanmu ne ya zo hajji daga Kano bai koma ba. Mu dai ba mu samu takardar zama 'yan ƙasa ba, da igama, wato katin izinin zama, muke zaune kamar kowane baƙo, fasfo ɗinmu kuma na Najeriya ne, ƙasar da ba mu taɓa takawa ba. Ƙanina ya yi ta zuwa gwaji a kulob-kulob na nan, a yaba masa, a sallame shi. Daga baya wani dillalin 'yan wasa ya gan shi a wani fili a Rusaifa, ya kai shi wani kulob a kudancin Rasha. Ya ce masa ba zama zai yi can ba. Da zarar kulob ɗin ya shiga gasar Turai, manya za su gan shi su ɗauke shi.

Watanninsa na farko a benci ya yi su. Sai aka fara yaƙin Ukraine, aka kori kulob-kulob na Rasha da tawagar ƙasar daga gasannin waje. Aka ba baƙin 'yan wasa damar tafiya, yawancinsu suka tattara kayansu. Umma ta kira shi ta ce ya dawo gida. Babban wanmu, mai tuƙin tasi, ya karɓi wayar daga hannunta ya ce masa kada ya kuskura ya motsa, tunda waɗanda suka tare masa wuri sun gudu, yanzu ne koci zai sa shi. Tun rasuwar Baba, maganar wanmu ce ake bi.

Kuma an sa shi ɗin. Agogonsu da namu ɗaya ne, don haka bayan la'asar muke zama, wanmu ya haɗa wayarsa da talabijin, hoton yana yankewa yana dawowa. Maƙwabta suka riƙa cika mana falo, ina dafa shayi ina zubawa. Ba ma jin ko kalma ɗaya ta mai sharhi sai sunan ƙanina, shi ma a karkace. Ranar da ya fara zura ƙwallo a raga, Umma ta rangaɗa guɗa har matar da ke samanmu ta sauko tana tambayar wa ya haihu.

Kulob ɗin ya gama kaka a matsayin da, in da a da ne, zai kai su Turai. Na kira shi ina masa murna, na ji muryarsa a sanyaye.

"Abla, mun ci," in ji shi, da sunan da yake kirana tun yana ƙarami. "Amma ba inda za mu. Ba wanda yake kallonmu sai ku."

Dillalin ya daina ɗaukar wayarsa. Tawagar Rasha kuwa ta koma wasannin sada zumunta da ƙasashen da suka yarda su kara da ita, kuma saboda su ake dakatar da gasar, ƙanina ya zauna a ɗaki yana kallon ruwan sama. Maƙwabta suka ragu, suka ragu, har ya zama ni da Umma kawai muke zama. Wanmu ma sai ya ce lokacin fasinja ne.

Da sanyi ya shigo, wani ɗan wasan baya ya taka masa gwiwa. Ina gani aka fitar da shi a kan gado, aka ci gaba da wasa. Yana kwance a asibiti aka fara gasar kofin duniya a Katar. Ranar da Saudiyya ta doke Ajantina, titinmu ya cika da ƙarar hon na motoci, yara suna yawo da tutoci, wanmu yana cikinsu da tasinsa. Na kira ƙanina, ya ce in matsa kusa da taga ya ji. Na riƙe masa wayar har hannuna ya gaji.

Kulob bai sabunta masa kwantiragi ba. Igamarsa kuma ta ƙare yana can, babu kafili, wato ɗan ƙasa mai ɗaukar nauyin baƙo, da zai tsaya wa mutumin da ba ya ƙasar. Wanmu ya ce zai gyara, ya yi ta fita yana dawowa, daga baya ya daina kawo maganar. Da aka sallame shi daga asibiti, fasfonsa ya kai shi inda zai iya kai shi, wato Kano, gidan wani kawunmu da muryarsa kawai muka sani. Can suna ce masa ɗan Makka, suna dariyar Hausarsa.

Bara ya zo umara cikin ayarin wasu 'yan Kano, aka sauke su a otal a Jarwal. Da rana yakan zo gida yana ɗingishi, ya ci abincin Umma, ya kwanta a ɗakin da ya girma a ciki, wanda yanzu ya zama ma'ajiyar kayan wanmu. Suka gaisa da wanmu kamar surukai. Ba wanda ya ambaci Rasha. Da kwanakin bizarsa suka cika, wanmu ya ce zai kai shi filin jirgin Jidda. Ya ce a'a, motar ayari tana jiransa, ya durƙusa ya sumbaci kan Umma, ya ɗauki jakarsa ya fita.